Tsohuwa Ta Tafi da Kwafinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Tsohuwa, baƙar kwamfutar nan da ke ƙarƙashin teburina a ofis, wadda shafin intanet na shagon ɗinkin yayata yake zaune a cikinta. Ta rasu ranar Talata da hantsi tana da shekara tara.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha ƙura, ta sha shurin ƙafata, ba ta taɓa cewa komai ba sai "zuuu". A cikinta aka adana hotunan ɗinkin Yaya da awon mutum ɗari huɗu da 'yan kai, har da na amaren da za a yi bikinsu ƙarshen wata. Littafin awo kuwa ni na sa Yaya ta jefar da shi, na ce mata zamani ya wuce nan.

Kada a ce ban kula da ita ba. Duk Juma'a da hannuna nake kwafe komai a wani ƙaramin faifai, in ɗora shi a kan Tsohuwa don kada ya ɓata. To, bututun na'urar sanyaya ɗaki ya fashe, ruwa ya sauko musu su biyu. Ta yi "ƙas, ƙas, ƙas", ta yi shiru. Faifan bai ma samu yin sallama ba.

Ruwan nan ya ci kwamfutar maƙwabcin teburina, Mai Gilashi. Amma shi ya saita tasa tana aika kwafi da kanta kullum zuwa wata ma'ajiya ta nesa da suke kira gajimare. Shekara biyu ina masa dariya, ina cewa wane mai hankali ke ba wa gajimare ajiya. Kafin shayinsa ya huce shafukansa sun dawo. Ko gumi bai yi ba. Na yi masa barka a baki, a zuci kuwa na so a ce ko hoto ɗaya ya salwanta.

Kwana biyu ina ɓoye wa Yaya, ina tunanin bakin da zan gaya mata cewa sai ta sake kiran amare awo. Ranar Alhamis sai ga shafinta ya tashi garau, ko maɓalli bai ɓata ba. Ashe tun bara ta ba Mai Gilashi kalmar sirri a bayan idona, ya haɗa nata shafin da gajimaren. Na yi murna, Allah ya sani. Amma na ji ta a waya tana ce masa "ƙanena", kuma ta ɗinka masa riga mai aiki a wuya. Ni da muke ciki ɗaya, rabona da rigar ɗinkinta shekara uku.

Marigayiya ta bar linzami ɗaya, wato ɗan abin latsawar da ake sarrafa ta da shi, da wayoyi bakwai a cukurkuɗe, da ni.

Za a kai ta shagon mai gyara ranar Asabar da safe, inda za a raba sassanta ga mabuƙata. Zaman makoki a teburina. Masu zuwa ta'aziyya su shigo ta ƙofar baya, don ta gaba tana bi ta gaban Mai Gilashi, kuma ya ce ranar zai sa rigar.