Ƙaton Kati da Kunnen Baba Mai Rediyo

Ranar da Baba Mai Rediyo ya zauna yana jiran iska daga katin kwamfuta, a gabana aka yi. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Na shiga aron tsani, na same shi a falo ya jingina wani baƙin abu mai fankoki uku a kan kujera, ya ɓalle maɓallan riga, yana laluben inda ake kunnawa. Mutumin da ya shekara arba'in yana gyaran rediyo, ga shi yana hura wa fanka baki don ta tashi.

Abin na jikarsa ne, mai zanen gidaje a kwamfuta. Wani kamfanin gini ya ba ta gwaji, ta haɗa bidiyon gida ciki da waje ta aika kafin ƙarfe biyar na ranar, in ya yi musu su ɗauke ta aiki. Sai katin da ke fitar da hoto a kwamfutarta ya zaɓi safiyar ya mutu. Mai shagon kwamfuta ya san ta, ya ba ta biyu ta gwada ta mayar da ɗaya.

Ta fito tana gaishe ni.

"Lafiya lau, maƙwabciya, ya yara… Innalillahi! Tsoho! Katina ka mayar fankar ɗaki?"

"Wane kati? Kati a aljihu ake sa shi. Wannan in ya faɗo wa mutum a ƙafa sai asibiti."

"Miƙo min kafin ka ce a dafa maka shayi a kai."

"Amarya, tausasa harshe, muna da baƙuwa. Sai a ce ban iya riƙon mace ba."

"Wace amarya? Ni na ce ina son mijin da ya girmi wutar lantarki?"

"Sau uku nake sakinki a mako, kina dawowa. Wa ke son wani?"

Na manta da tsani na bi su ɗakinta. Kwamfutar na kwance a kan tebur, cikinta a buɗe, ƙananan kusoshi a cikin farantin shayi. Ta jera katunan biyu ta fara mana karatu. Ni bokona bai yi nisa ba, amma na riƙe.

"Wannan ƙaton, memorinsa giga goma sha shida, fanka uku, zai gama min bidiyon a minti arba'in. Wannan ƙaramin giga takwas, fanka biyu, sai ya yi awa ɗaya da rabi. Ko kai, Tsoho, ka san wanda za a ɗauka."

"Me yake ci?"

"Wa?"

"Ƙaton. Duk mai saurin nan ci gare shi. Ga ki nan misali."

"Wannan ba batir ɗin rediyonka ba ne da kake shanyawa a rana."

"Batir ɗin da na shanya shi ya kai uwarki makaranta. Na ce me yake ci?"

"Wuta yake ci, kuma an kawo wuta. Matsa, kana tare min haske da kunnuwanka."

Da kyar ƙaton ya shiga, sai da ta lanƙwasa wayoyi. Ƙarfe biyu da kwata ta kunna. Kai, hoto ya fito! Gidan da ta zana har inuwar labule ana gani. Ta juyo tana yi wa kakan gwalo.

Shi ko allon bai kalla ba. Ya karkatar da kai, ya rufe ido.

"Kashe."

"Hassada ce."

"Akwai abin da ke kuka a can ƙasa, siriri kamar sauro."

"A kunnenka yake. Tun bara nake cewa a wanke maka su."

"Amarya, na ce kashe."

Ba ta kashe ba. Minti ashirin ana cikin aiki, sai ɗif. Allon ya yi baƙi, fankokin suka tsaya, ga kuma ƙwan ɗakin na ci abinsa. Ta sake kunnawa, ya yi minti biyar ya sake ɗaukewa.

Yarinyar nan mai baki kamar reza ta zauna a bakin gado ta haɗa kai da gwiwa. Na san dalili. Shekara biyu ke nan da gama karatunta, wannan ne karo na farko da wani ya ce ta nuna abin da ta iya. Na buɗe baki zan yi tsokanar da na saba, Baba ya yi min wani kallo na haɗiye.

Ya durƙusa a gaban teburin, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya haska tocila can ƙasan kwamfutar inda akwatin wuta yake, ya gyara tabaraunsa mai ɗaurin zare, ya matsa, ya ja baya, ya sake matsawa. Ya daɗe a haka.

"Zo ki karanta min," ya ce a hankali. "Sun ƙanƙance rubutun don mugunta."

Ta zo ta durƙusa kusa da shi. "Ƙarfin wutar da yake bayarwa, wat ɗari huɗu da hamsin."

"Kwalin ƙaton, nawa ya ce a ba shi?"

Ta juya kwalin. Muryarta ta yi ƙasa. "Ɗari bakwai da hamsin."

"Ƙaramin fa?"

"Ɗari huɗu da hamsin."

"To kin ji. Rediyo nawa aka kawo min an ɗaura musu lasifikar taro a kan 'yar tiransifoma? Ƙaton ya fi, ban musa ba, amma gidan nan ba zai iya ciyar da shi ba. Ƙarfe nawa?"

"Uku saura biyar."

"Awa ɗaya da rabi kika ce. Share hancin nan ki tashi, kar ya ɗiga a kan kayan mutane."

Ta tashi ta cire ƙaton. Shi ya riƙe mata kusoshin a tafin hannu yana miƙa mata ɗaya bayan ɗaya. Uku da minti biyar ƙaramin ya fara aiki. Baba ya jawo kujera ya ɗora hannu a jikin kwamfutar kamar mai duba zazzaɓin jariri, bai ɗauke ba.

"Ya ya?" ta tambaya bayan ɗan lokaci.

"Numfashinsa lafiya. Ya fi ki natsuwa."

"Tafiya yake kamar kai za ka masallaci."

"Na taɓa rasa jam'i?"

"Kullum a sahun takalma kake."

"Amma ina isa."

Haka suka yi ta yi. Ni na dafa musu shayi a kicin ɗinsu ba wanda ya sa ni. Biyar saura ashirin da biyar bidiyon ya kammala, ta aika. Kafin shayin Baba ya huce saƙo ya shigo wayarta, sun gani, ta zo ranar Litinin.

Ta yi tsalle, ta dawo ta durƙusa ta kama hannun nan da ya yi ɗumi a jikin kwamfuta ta riƙe da nata biyu.

"Na yarda, Tsoho, yau ka kayar da ni. Wallahi ina fara aiki asibitin ido zan kai ka, a yi maka sabon tabarau, mu jefar da wannan mai zaren."

Baba ya dafe tabaraunsa da sauri.

"A'a, bar min kayana. Da wannan nake ganinki kyakkyawa. Ranar da na ga fuskar nan tar, auren ya mutu."