Wayar da ta tsayar da ofis mako uku

Ranar Litinin na tafi wani ofis karɓar takardar shaidar da 'yata Auta za ta kai makarantar koyon jinya, domin ranar Alhamis za a rufe rajista. In ba takarda, yarinyar nan ta yi asarar shekara guda. Na tarar da layi har bakin matakala, Malam Akawu kuma yana zaune gaban kwamfuta yana yanke farce.

Na tambaye shi ko wuta ce babu. Ya ce akwai wuta. Kwamfutar ce ta lalace? Ya ce sabuwa ce fil, ko ledarta ba a gama ɓarewa ba. Ashe Mai Girma Uban Kwangila, Allah ya ƙara masa basira, ya sayo sababbin kwamfutoci bai sayo allunan da ke nuna hotonsu ba. Tsohon allon nan mai ƙaton ƙeya shi aka bari, wayarsa mai shuɗin kai da kusoshi biyu, ita kuwa sabuwar na'ura bakinta siriri ne kamar na ƙadangare. An sayi doki, an manta linzami. Mako uku ke nan sunayenmu suna cikin akwatin, ba mai iya ganinsu.

Kada ku ce hukuma ta yi barci. An kafa kwamiti mai mutum tara, sun yi zama huɗu, sun sayo adafta, wato mahaɗin waya, kwali guda. Akawu ya nuna mini: ko'ina ya shiga daram, amma allo baƙi ƙirin.

Ni ban yi boko mai zurfi ba, da kaina na koyi karatun jarida, amma na san matambayi ba ya ɓata. Da na koma gida na leƙa shagon maƙwabcina mai gyaran rediyo, wanda muke kira Injiniya. Ya yi dariya har ya ajiye sukundireba. Ya ce adafta irin wannan hanya ce mai tafiya ɗaya: akwai mai ɗaukar hoto daga tsohuwar na'ura zuwa sabon allo, akwai mai ɗauka daga sabuwar na'ura zuwa tsohon allo. Masu girma sun sayo na farko, alhali na biyu suke buƙata.

"Maƙwabci, kafin ka sayi waya, dubi bakin nan, dubi bakin can, sannan ka san daga ina hoto ya fito, ina za shi. Ka ɗauko hotonsu a wayarka."

Wayata ba ta ɗaukar hoto, kuma ba na jin kunyar haka. Ranar Talata na koma ofis da sabulun wankin uwar yara, na danna shuɗin kan nan a jikinsa. Haƙora sahu uku suka fito raɗau. Da na nufi bakin sabuwar kwamfuta da sabulun, Akawu ya riƙe mini hannu yana salati, sai na zana shi a bayan ambulan.

Mai kayan lantarki a kasuwa ya juya sabulun, ya kira maƙwabtansa su zo su gani. Na bar su suka gama dariya, don rashin sani ya fi dare duhu, ni kuwa na zo da sanina a aljihu. Ya ce shuɗin VGA ne, siririn HDMI. Na ce sunayensu ba su dame ni ba, a ba ni mai tafiya daga siriri zuwa shuɗi. Ya miƙo wani ɗan abu da bai kai akwatin ashana biyu ba.

Ranar Laraba na ajiye shi a teburin Akawu. Ya ja kujera baya kamar na ajiye kunama.

"Baba, ba a jona wa kayan hukuma abin da kwamiti bai amince da shi ba. Sai ka rubuto takardar neman izinin ba da kyauta."

Na ce to, wa zai karɓa? Ya ce shi, amma sai ya shigar da ita a kwamfuta. Na dube shi, ya dubi allon, allon ya dube mu.

Na ce masa: "Ɗana, 'yata gobe za a rufe mata ƙofa. Ba ka jin ƙishirwa?"

Ya ce lallai maƙogwaronsa ya bushe, ya ɗauki kofi ya fita. Na durƙusa ƙarƙashin tebur da gwiwoyin nan nawa masu ƙara, na cusa siriri, na ɗaura shuɗi, na murɗa kusoshi. Allo ya ƙifta sau biyu ya kawo haske. Wata tsohuwa a layi ta ce Allah ya yi mini albarka. Akawu ya dawo, ya zauna, bai tambayi kowa komai ba, ya buga takardar Auta ya danna hatimi. Da safiyar Alhamis ta yi rajista.

Na so in cire kayana in tafi da shi, amma mutum sittin ne a bayana, kowa ya zuba wa hannuna ido. Na bar shi.

Saboda haka in hanya ta bi da ku ofishin nan, ku zauna a hankali, ku tanƙwashe ƙafafunku. Kada wani ya shure 'yar wayar da ke lilo ƙarƙashin tebur, hukuma ce gaba ɗayanta rataye a jiki.