Rasuwar Soket Mai Baki Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin roba, iyalan Malamin Kimiyya suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta da duk wanda ya taɓa shigowa neman caji, rasuwar soket ɗinsu mai baki huɗu. Ya cika ranar Asabar da hantsi a bayan doguwar kujerar falo, inda ya yi rayuwarsa kaf.

Marigayin ya zo gidan nan yana fari sol, igiyarsa a naɗe. Shekara da shekaru yana kwance cikin ƙura da ɓawon alawa, ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Bai san wariya ba. Filogi mai ƙafa uku ya karɓa, mai ƙafa biyu ya karɓa, har marar kai, wanda sai an tokare tsirarun wayoyinsa da tsinken ashana, bai taɓa kora ba. Ba shi da surutu. Iyakar maganarsa "ƙyas" in an kunna shi, sai ɗan "zzz" in abin duniya ya ishe shi. A gadon bayansa an rubuta iyakar ƙarfinsa, amfiya goma sha uku, amma wa ke juya bawan Allah ya karanta bayansa?

Ya daɗe yana fama da ciwon suma. Da kaya sun yi masa yawa sai fiyus ɗinsa ya ƙone, ya yi shiru, a sa masa sabo ya farfaɗo. A 'yan watannin nan ne suman ya ɗauke ɗif, bayan Malam ya shige ɗaki da shi da sukudireba, ya fito yana cewa ya yi masa magani sadidan. Gida ya yi murna, aka ƙara masa aiki.

Ranar da abin zai faru, matar gidan ta jona dutsen guga, mahaifiyar Malam ta jona butar shayi, ƙaninsa ya tsoma hita a bokiti ya jona. Marigayin ya ce "zzz". Ya ƙara cewa "tsss". Daga nan ya ce "fat!", kuma ita ce kalmarsa ta ƙarshe. Labule ya tsira da ƙyar.

Malam ya ji mutuwar nan har cikin ransa, amma abin da ya fi damunsa shi ne kada a ce a gidan mai koyar da lantarki aka yi wannan abin kunya, kuma da hannunsa a ciki. Don haka tun gawa ba ta huce ba ya ciro alli daga aljihu, ya tara iyali a gaban ƙofar kicin, ya mai da ita allo.

"Ku duba nan. Bolt ɗari biyu da ashirin sau amfiya sha uku, wat dubu biyu da ɗari takwas da sittin. Iyakarsa ke nan. Ku kuwa guga dubu ɗaya da ɗari, buta dubu biyu da ɗari biyu, hita dubu ɗaya da ɗari. Dubu huɗu da ɗari huɗu! Raba da bolt, amfiya ashirin. Turjiyar da ta rage om sha ɗaya kacal. Ku kuka kashe shi, da lissafi!"

"Ni dai shayi na ɗora, ɗan nan," in ji mahaifiyarsa.

Matar gidan ta daɗe tana kallon ƙofar, sannan ta ce, "Lissafi ya yi kyau, Baban yara. Amma ba kai ka ce mana in an wuce sha uku fiyus ne ke mutuwa ya fanshi soket ba? Ya aka yi wannan karon ya ƙi mutuwa?"

Malam ya ce wannan wani babi ne daban. Ita kuwa ta ɗauko wuƙa ta kwance kan filogin marigayin. Babu fiyus a ciki. A gurbinsa gutsuren wayar tagulla ne mai kauri, an lanƙwasa shi da kyau irin na gwanaye, yana nan garau ko gezau bai yi ba. Malam ya mai da allinsa aljihu.

Marigayin ya bar talabijin, fanka, caja shida da ba a san masu biyu daga ciki ba, da dutsen guga wanda aka wanke daga zargi. Ya kuma bar baƙin tabo a kan tayil.

Game da jana'iza, Malam ya so a yi ta a asirce, a miƙa gawar ga mai sayen tsofaffin ƙarafa kafin gari ya ji. Hakan ba ta samu ba, domin matar gidan ta riga ta ba yayarta, wadda ita ce shugabar makarantar da yake koyarwa, kyautar gawar don amfanin ɗalibai. Za a ajiye ta a kan teburin aji ranar Litinin, filogi a buɗe, kowa ya zo ya yi bankwana. Darasin ranar shi ne amfanin fiyus, kuma Malam ne zai jagoranta.

Ana karɓar gaisuwa a falo. Masu zuwa su taho da wayoyinsu a cike.