Ganyen da Gara Ta Ci Sau Biyu

A wani daji da ke bayan duwatsu akwai wata tsohuwar kuka mai kogo, inda dabbobi suke ajiye takardunsu. A kan ganyen giginya suke rubutu: iyakar kiwo, hukuncin majalisa, da wanda ke da ikon shan ruwa a kowane tafki. Nan Bushiya ta samu aiki, aka ce za a gwada ta wata uku kafin a tabbatar da ita. 'Ya'ya huɗu gare ta, ga rani ya tsananta, don haka ta riƙe aikin hannu bibbiyu.

Ranar farko Kunkuru, shugaban wurin, ya zaunar da ita.

"'Yar nan, shekarata sittin a nan, ban taɓa rasa takarda ba, domin ban taɓa neman ko ɗaya ba. In babba ya tambaya, ki ce tana hanya. In ƙarami ne, ki ce ana dubawa. Takardar da ta tsufa kuwa, a fara rubutawa a rajista cewa Gara ta cinye ta, ita Gara ta zo ta ci ranar da ta samu sarari. Ga rajistar wannan wata, dangwala ƙafarki a nan."

Ta dangwala ba tare da ta karanta ba. Wa zai tsaya karatu a gaban mai shekara sittin?

Bayan kwana goma sai ga wata Barewa, leɓunanta duk sun tsage.

"'Yar'uwa, ki taimaka mini don Allah. Kura ta kewaye Tafkin Marke da ƙaya, ta ce gadonta ne. Akwai ganyen da ya ce tafkin na kowa ne. Ranar Alhamis majalisa za ta zauna. In ban kawo shi ba, ƙananan garkenmu ba za su ga damina ba."

"Ana dubawa" ta zo wa Bushiya har bakin harshe, amma tausayi ya kama ta. Kwana uku tana tono, har ta samo ganyen a cikin tarin da ke jiran Gara, ko tsagewa bai yi ba.

Ranar Alhamis ta shimfiɗa shi a gaban majalisa, cike da murna. Giwa, mai jagorantar zaman, ta karanta, ta gyaɗa kai. Sai Kura ta miƙe a natse.

"Ranki ya daɗe, ni mai girmama takarda ce. Shi ya sa nake roƙon a kawo rajista. A duba layi na tara. Ganyen Tafkin Marke, Gara ta cinye shi tun farkon wata. Ga sawun ma'aikaciyar da ta shaida, kuma ga ta nan tsaye. To, ko dai rajistar daji ta yi ƙarya, mu watsar da duk abin da ke kogon nan har da iyakar kiwon manya, ko kuwa wannan ganye babu shi."

Manya suka dubi juna. Kowa ya tuna da abin da yake da shi a kogon.

Giwa ta juyo. "Bushiya, sawunki ne?"

"Nawa ne, ranki ya daɗe."

"Ƙarya kika shaida, mu sallame ki yau, ko gaskiya kika shaida?"

Bushiya ta dubi Barewa, ta tuna da bakuna huɗu da ke jiran ta a rami. Kunya ta rufe ta har ta ji kamar ta dunƙule.

"Gaskiya na shaida."

Majalisa ta yaba da amanarta. Don gyara ɗan kuskuren da ya rage, aka kira Gara, ta cinye ganyen a gaban kowa, ta ce ma ya ɗan yi tauri. Barewa ta tattara garkenta suka nufi arewa, inda aka ce wai akwai ruwa.

A ranar aka tabbatar wa Bushiya da aikinta, ba a ma jira wata ukun ya cika ba. Har yau ana kwatance da gidan ajiyar dajin nan, domin ba a taɓa samun takardar da ta saɓa wa rajista ba.