Gansakuka Ta Ci Tankin Mai Gilashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani haushi da aka rasa inda za a sauke shi, Mai Gilashi na sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan sana'a rasuwar tankin kifinsa, wanda ya cika ranar Talata da hantsi a lungun falo, yana da shekara shida da wata huɗu. Gansakuka ce ta ci shi. Haka za a faɗa wa duk wanda ya tambaya, don a zauna lafiya. Wanda ya buɗe wa gansakukar ƙofa kuwa yana nan da ransa, yana cin abinci da kyau, shi ne ma ke zaune a tsakiyar falo yana karɓar gaisuwa.

Ba sayo marigayin aka yi ba. Mai Gilashi ne ya yanka shi da hannunsa, daga wani gilashi mai kauri da ya rage a aikin tagogin wani bene. Ya goge bakin gilashin, ya haɗa shi, ya cika shi da ruwa, ya bar shi kwana bakwai a bayan shago yana jiran ya ga ɗigo. Ko ɗigo ɗaya bai gani ba. Ranar da ya shigo da shi gida, matarsa ta tsaya riƙe da ƙugu ta dube shi, ta dubi lungun da ta daɗe tana tanada wa firiza, ta ce, “Baban yara, ga sharaɗina. Muddin ruwan nan garau yake, lungun naka ne. Ranar da ya yi min wari a falo, ya fita.” Ya amince. A gidan da yara biyar suka mamaye ɗakuna, baƙi suka mamaye kujeru, wannan lungun mai taku biyu shi ne kaɗai wurin da yake nasa.

Marigayin ya kasance mai natsuwa, mai kamun kai, marar hayaniya. Duk maganarsa a duniya ba ta wuce “bul-bul-bul” ba, sai kuma wani ɗan “zzzz” na injin tace ruwa da ba ka jinsa sai ka sa kunne. Bai taɓa neman abin da ya wuce kima ba. Hasken fitila awa shida a rana ya ishe shi. Abincin kifi ɗan tsunkule. Ranar Lahadi a kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwansa a zuba sabo. Labulen tagar da ke gefensa kuma a bar shi a sake, kada rana ta taɓa shi. Da wannan ya riƙe ciyayi iri tara, kore shar, suna rausaya, da kifaye goma sha huɗu da ba su taɓa sanin yunwa ko ƙoshin hauka ba. Mai Gilashi kan dawo daga shago da yanka a yatsu da hayaniyar masu gini a kai, ya ja kujera ya zauna gabansa, kafin shayi ya huce ya koma mutum.

Ciwon ajali ya fara ne lokacin da aka kira Mai Gilashi aikin mako uku a wani gari. A daidai nan Yayansa ya zo hutawa. Yaya mai lambun furanni ne, shekara talatin yana shuka, kuma shi ya riƙe Mai Gilashi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon sana'a. Mutum ne da ba a ce masa a'a, ba a kuma taɓa jin ya ce “ban sani ba”. Mai Gilashi ya rubuta ƙa'idojin kula da marigayin a takarda, ya manna a gefen gilashin. Yaya ya karanta, ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, “Kai ƙanina, ni za ka koya wa shuka? Je ka abinka.”

Ya kuwa tafi. Washegari Yaya ya dubi ciyayin ya ga, a ganinsa na masani, ana zaluntar su. Wane irin rashin imani ne a kulle tsiro a lungu? Ya yaye labulen, ya ɗaure shi da igiya don kada wani ya sake shi. Ya cire ɗan agogon da ke kashe fitila, ya sa ta kai tsaye, ta yi ta ci ba dare ba rana. Ya ga kifaye na buɗe baki, ya ce yunwa ce, ya sa musu abinci sau uku kamar masu aikin ƙarfi. A rana ta huɗu ya kammala alherinsa: ya buɗe jakarsa, ya ɗebo takin zamani cike da tafin hannu, irin wanda yake zuba wa furannin bakin titi, ya watsa a ruwan. Matar gidan ta ce, “Yaya, anya kuwa?” Ya ce, “Ke dai zuba ido.” Ta zuba.

To, gansakuka ba ta buƙatar katin gayyata. Halitta ce marar asali, marar saiwa, marar fure, marar kunya, wadda ba ta iya komai ba sai cin abin da aka ajiye wa wani. Ta fara da ɗan kore-kore a jikin gilashi. Ta saki zare-zare ta nannaɗe ciyayin. Wata baƙa ta fito a gefen ganyaye kamar gemun akuya. Daga ƙarshe ruwan gaba ɗaya ya rine, har kifi sai ya manna hanci a gilashi kafin a san yana ciki. Yaya kuwa kullum sai ya kira ƙaninsa a waya ya ce, “Wallahi ba za ka gane shi ba, kore ya ƙaru!” A nan dai bai yi ƙarya ba.

Da Mai Gilashi ya dawo, sai ya tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu. Maganar marigayin ta koma “ƙwar… ƙwar…”, injin ya toshe yana shaƙewa. Yaya na tsaye a gefe yana murmushi, yana jiran godiya. Kuma, jama'a, ya samu. Mai Gilashi ya ce, “Sannu da ƙoƙari, Yaya.” Wannan kalma har yau tana masa ɗaci a baki.

An yi jinya, ba a yi sakaci ba. Kwana goma sha tara Mai Gilashi na kankare gilashi da reza, yana naɗe zaren gansakuka da tsohon buroshin haƙori, yana canza ruwa har bayansa ya ƙage. Ya yanke ganyayen da suka ruɓe. Ya kawo dodon koɗi shida don su cinye ta. Suka ci, suka yi ƙiba, suka hayayyafa, gansakuka ko gezau. Sai ya koma ga magani na ƙarshe da masu kiwon kifi suka sani: a kashe fitila, a lulluɓe tankin da bargo kwana uku, duhu ya kashe ta. Ya lulluɓe, ya roƙi kowa kada a taɓa, ya tafi shago. Ya dawo ya tarar da bargon a ninke tsaf a kan kujera, rana na dukan gilashin. Yaya ya ce, “Na ji tausayinsu ne. Ina ka taɓa ganin mai rai ya warke a duhu?”

Sanarwar nan ba za ta ɓoye laifin mai ita ba. Ranar Litinin da safe matarsa ta shigo falo, ta ja hanci sau biyu, ta fita. Tsoro ya kama Mai Gilashi. Ya ɗauko kwalbar maganin gansakuka da aka ce a ɗiga murfi ɗaya, ya juye rabinta. Shi da ya yi shekara shida yana auna abinci da tsunkule! Kafin hantsin Talata kifaye goma sha uku sun juya ciki sama, ciyayin sun narke, injin ya yi “ƙit” ya yi shiru. Gansakuka ce kaɗai ta kwana lafiya. Yana jin kunyar wannan fiye da yadda yake jin haushin kowa.

Marigayin ya bar kifi ɗaya, mai share gilashi, wanda yanzu ke zaune a bokitin wanki yana kallon bango. Ya bar dodon koɗi da ba a san adadinsu ba, da fitila, da raga, da rabin gwangwanin abinci, da takardar ƙa'idoji da har yanzu ke manne a gefensa. Ya kuma bar maigidansa, wanda jiya ya dawo daga shago ya ja kujera, ya tsaya riƙe da ita bai san inda zai ajiye ta ba.

Za a fitar da gawar ranar Asabar da ƙarfe tara na safe, ta ƙofar baya, domin masu kawo firiza za su shigo ta gaba da ƙarfe goma. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su zo da bokiti. Kada a zo da shawara, an samu isasshiya. Ba za a binne marigayin ba, saboda Yaya ya nemi a ba shi gawar. Ya ce gilashi mai kyau irin wannan bai kamata ya lalace ba, zai cika shi da ƙasa ya yi renon irin tumatir a ciki. Ya dai lura da aibi ɗaya a tare da shi: ba ya zubar da ruwa. Don haka ya ce a huda masa ƙasan wuri shida, kuma tun da a dangi kaf mutum ɗaya ne ya iya huda gilashi bai fashe ba, an riga an san wanda zai yi.

Mai Gilashi ya ce to. Za a fara hudawa da ƙarfe tara da rabi.