Nutson da Na Yi a Kududdufin Alhaji Bala

Ba zan taɓa mantawa da makon da bakina ya kusa kai ni lahira ba. Ina koyon aikin koyarwa ne a wata ƙaramar sakandare kusa da Kunci, saura kwana goma shugaban makarantar, Malam Sabo, ya sa mini hannu a takardar kammalawa. In babu sa hannunsa, wata ukun da na yi sun tashi a banza.

Ranar Litinin muka ci karo da kalmar "dive" a littafin Turanci. Na yi wa 'yan aji biyu bayani cewa nutso ne, amma ba irin na dutsen da aka jefa rijiya ba. Mutum ne da niyyarsa zai faɗa ruwa, kai a gaba, ya yi ƙasa, ya dawo da ransa. Da a nan na tsaya, da lafiya lau. Sai wata ɗaliba, Rabi, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kai ka iya?"

(Ni da ko a wanka ruwa ya shiga hancina sai na yi salati.)

Na ce, "Ni? Ai a garinmu har ƙasan dam nake zuwa in ɗebo yashi."

Ranar Laraba Malam Sabo ya kira ni ofis, na tarar da Alhaji Bala, shugaban ƙungiyar iyayen yara. Ƙarfen bakin tiyon injin ban-ruwansa ne ya kwance ya faɗa kududdufi, tumatirinsa ya fara yaushi, samarin da suka saba shiga ruwan kuwa duk sun tafi ci-rani Kano.

"Na ce wa Alhaji ya kwantar da hankalinsa," in ji Malam Sabo, yana ta fara'a. "Yara sun ba mu labari. Muna da gwani a gida. Ranar Juma'a sai ka shiga ka ciro masa."

Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, idona ya faɗa kan birona da ke aljihunsa, wanda ya ara tun jiya, na tuna takardata. Sai na ji kaina ina cewa, "Allah ya kai mu Juma'ar."

Kwana biyun nan ban san ɗanɗanon tuwo ba. Na cika baho da ruwa a ɗaki, na riƙa tsoma kai ina ƙirge. Mafi daɗewar da na yi bakwai ne, ita ma na fito ina tari. Na roƙi Allah ya saukar mini da zazzaɓi, lafiya ta ƙi barina. Tsoro biyu ke cina: in shiga in mutu, ko in ƙi shiga Malam Sabo ya ji kunya a gaban Alhaji.

Ana sakkowa daga masallaci rabin garin ya biyo ni, wasu har sun ɗaga wayoyi. Na cire riga. Ban tambayi kowa inda zurfin yake ba, don gwani ba ya tambaya. Na zaɓi bakin da ya fi kusa da ni, na yi kalmar shahada, na rufe ido, na faɗa kai a gaba kamar yadda na koyar.

Ashe ruwan wajen ko gwiwa bai kai ba. Fuskata ta kafe a taɓo, ƙafafuna a sama, ina ta bugun ruwa ina ihun a cece ni. Da na ɗago, sai na ga zaune nake daram, ruwa iya cibiya. Wata tsohuwa da ke wanki ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, ai nan awakinmu ke tsallakawa."

Dariyar da aka yi har yau ina jin ta. A zaune cikin taɓon na ce, "Alhaji, wallahi ban iya ruwa ba, ƙarya na yi." Baba Ɗanladi mai gadin makaranta, ɗan shekara saba'in, shi ya naɗe wando ya shiga har ƙirji, ya lalubo ƙarfen da ƙafa.

Ranar sa hannu Malam Sabo ya bar ni a tsaye ya daɗe yana juya takardar. Can ya sa hannu, bai ko dube ni ba, ya ce, "Da ka mutu, me zan gaya wa mahaifiyarka?" Wannan ta fi dariyar zafi.

Tun daga nan na san malami ba dole ne ya iya duk abin da ke cikin littafi ba. Shi ya sa da na kama aiki muka zo kan kalmar tashi sama, tun kafin wani ya ɗaga hannu na ce, "Ban iya ba, kuma a garinmu ma babu wanda ya iya."