Rasuwar Shuɗiya, Motar Malam Nu'uman

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu da ya fi baƙin ciki ɗaci, Malam Nu'uman Dabo na Ƙofar Marusa, tsohon malamin tarihi, yana sanar da rasuwar motarsa Shuɗiya, wadda ta cika ranar Laraba da hantsi tana da shekara talatin da huɗu. A wurinsa dai ta mutu tun wata Talata, shekara biyu da suka wuce, ranar da ta tsaya cak a Ƙofar Durbi, matarsa Hafsat na kwance a kujerar baya, ana hanyar asibiti.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta ɗauko ragunan suna, ta yi dakon buhunan gero na maƙwabta waɗanda har yau ba su san inda gidan mai yake ba.

Ciwonta ya fara da tari. A taka totur ta yi shiru kamar mai tunani, can kuma ta zabura ba da izinin kowa ba. In tana tsaye sai rawar ɗari, kof-kof-kof, ga baƙin hayaƙi, ga shan fetur ba kunya. Hafsat ce ta fara ganewa. Ta ce, "Malam, motar nan ba ta jin ƙafarka. Ka kai ta wajen Luka mai gyaran wayoyin mota." Malam, wanda littattafansa suka cika ɗaki, ya tambaye ta ko ta san birki ta san totur. Sannan ya nufi garejin Ɗanliti.

Ɗanliti ya wanke kafireto sau huɗu, ya hura shi da baki, ya ƙara silo, inji na ta ruri a tsaye, har unguwa ta daina jin sallama. Da ya ga wata 'yar na'ura mai waya uku maƙale a gefen kafireton, ya ce kwalliyar Turawa ce, ya naɗe ta da salatif.

Ranar Talatar nan Malam ya taka, Shuɗiya ba ta ji ba. Ya murza makulli, ta ce ri-ri-ri, ta yi shiru. Kafin a samo Keke mai ƙafa uku, Hafsat ta riga ta tafi. An ce masa ajali ne, kuma ya yarda. Bai ce ya yafe ba.

Shekara biyu motar tana ƙarƙashin bishiyar bedi kafin ya kira Luka. Luka ya ce kwalliyar nan sensa ce, ita ke gaya wa inji iya inda ƙafa ta taka. Cikin minti sha biyar ya sauya ta. Murzawa ɗaya Shuɗiya ta tashi, murya fes, kamar ba ta taɓa yi wa kowa laifi ba.

Malam ya saurare ta sosai. Da Luka ya tafi, ya kwance mata man inji ya tsiyaye ƙasa, ya shiga ya zauna, ya take totur har ƙasa. Wannan karon ta ji ƙafarsa sarai. Ta yi minti tara tana kuka. Kalmarta ta ƙarshe ita ce ƙwas.

Ta rasu ta bar taya huɗu, kowace da ubanta, da rediyo mai kama tasha ɗaya, da Ɗanliti, wanda har yanzu ake kira injiniya. Ta kuma bar gyale ruwan toka a kujerar baya, wanda ba ya cikin gado.

'Yan gwangwan za su zo da guduma ranar Asabar bayan la'asar. Ba zaman makoki, ba shimfiɗa tabarma. Maƙwabtan da ke son kafaɗarsu ta taɓa ta ko sau ɗaya, za a tura ta har bakin titi. Malam ba zai raka ba. Zai tsaya a gida da gyalen, da maganar da ta makara shekara biyu: Hafsat, ke ce da gaskiya.